Gwangwani a Tukunyar Talaka: Wanne Ya Ci Kuɗinsa?



Yau maganar cefane za mu yi, kuma a cikin cefanen ma abincin gwangwani za mu ɗauka: tumatir, kifi, madara, wake da danginsu. Duk kantin da ka leƙa a garin Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa zuwa Tudun Wada da Rigasa, za ka tarar da su jere a kan kanta. Abin da maigida da uwargida ke son sani shi ne, shin wannan kaya sauƙi ne ga mai ƙaramin ƙarfi, ko kuwa wata kafa ce da kuɗin cefane ke zurarewa ta cikinta ba a ankara ba?

Ba banza tambayar ta taso ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dalar da ake canzawa a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A watan na Yuni dai hukumar ta lissafa cewa mafi arahar abinci mai gina jiki da baligi ɗaya zai ci a yini yana cin naira 1,241, idan aka yi kuɗin goro a faɗin ƙasa. A wata guda ya haura naira 37,000 ke nan. Miji da mata kaɗai, ba a sa yaro ko ɗaya ba, sun wuce 74,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kaduna ta ce za ta biya 72,000. To ina haya, ina kuɗin makaranta, ina na magani? Gidan da ke cikin wannan hali ba ya sayen komai sai da lissafi, kuma gwangwani ma dole ya shiga lissafin.

A Turai da Amurka abincin gwangwani na marasa hali ne. Can aka ƙirƙiro shi tun farko. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya wallafa dabarar dafa abinci a cikin kwalba rufaffiya a 1810, a shekarar kuma wani ɗan Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar yin haka a cikin gwangwanin ƙarfe. Sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa aka fara ciyarwa da shi. Masana'antun suna ƙasarsu, kifin da waken na ƙasarsu ne, ɗanyen kaya kuma ya fi tsada a wurinsu. Mu nan abin a juye yake. Kifin Titus da muke saye daga Maroko yake zuwa. Ya hau jirgin ruwa, ya sauka Legas, an biya shi da dala, an biya haraji, tirela ta sha dizal ta kawo shi Kaduna, dillali ya ɗora nasa, mai kanti ya ɗora nasa. Alhali alayyafo da yakuwa da wake da masara a bayan gari ake noma su. Saboda haka duk wanda ya ce maka gwangwani ne hanyar cin abinci da araha, to ƙasarsa yake kwatantawa. A Kaduna gwangwani mahaɗi ne, mai toshe giɓi. Ginshiƙin tukunya yana Bakin Dogo, yana Kasuwar Bacci, yana kasuwar Kawo ranar Talata.

Bari mu fara da wanda ya fi shiga kowane gida, wato tumatir.

Kowace uwargida ta san shekarar tumatir kashi biyu ce. Daga hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da masu noman rani ke tsinka, kwanduna sukan cika kasuwa har mai kaya ya riƙa roƙon mai saye. Da zafi ya tsananta, ruwa ya sauka, sai ya ɗauke. Daga wajen Mayu har tsakiyar damina, tumatir huɗu ko biyar ake kasa maka a faranti, a faɗi kuɗin da za ka riƙe baki. Wani lokaci kuma annoba kan ƙara a kai. A 2016 tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, manoma ke ce mata sharon, ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, bayan an ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir a jihar sun lalace. A 2024, dab da Babbar Sallah, mun sake ganin irin wannan tsada, har gidaje da yawa suka koma miya da karas da gauta da jan tattasai.

A irin waɗannan watanni tumatirin gwangwani ya ci kuɗinsa, ba ni da ja a kai. Ƙaramin nan mai giram 70, ko na leda mai nauyi ɗaya da shi, idan aka soya shi sosai da albasa, aka haɗa da tattasai da attaruhu, zai ɗauki tukunyar dafa-duka ta gida guda. Kuma kada uwargida ta ji kamar ta cuci iyalinta. Sinadarin da ke ba tumatir jan launi, wanda likitoci ke yabawa, jiki ya fi iya ɗaukarsa a dafaffen tumatir da aka haɗa da mai fiye da ɗanye. Abin da wuta ke ragewa shi ne bitamin C, shi kuwa ana samunsa a lemo, gwaiba, mangwaro da ɗanyen ganye. Amma a watan Janairu ko Fabrairu, tumatir na zube a kasuwa yana neman mai ɗauka, ka je ka sayi na gwangwani, wannan asara ce.

Sannan ba duk jan abu ne tumatir ba. Ki juya ledar ko gwangwanin ki duba jerin kayan haɗi, ko ki sa ɗan makaranta ya karanta miki. Doka ta sa a fara rubuta abin da ya fi yawa a ciki. Wani tumatir ne da gishiri kawai. Wani kuwa an ƙara masa sitaci da sukari da kala don ya yi kauri ya yi ja. Na biyun yakan fi araha, amma kuɗin tumatir ki ka biya a kan gari da sukari.

Akwai kuma maganar babba da ƙarami. Gaskiya ne babban gwangwani ya fi sauƙi idan aka raba kuɗinsa a kan nauyinsa. Sai dai da zarar an fasa shi ya zama kamar kowane dafaffen abinci, kuma mun san yadda wutar lantarki take a unguwanninmu. Gidan da ba firji, ko firjin ya zama ma'ajiyar kwanuka, idan ya sayi babba zai ci rabi, fumfuna ta ci rabi. Mata kan zuba mai a sama don ya rufe shi, hakan yana ɗan jinkirta lalacewa amma ba ya hana ta. Abin da ya fi, a gidan haya mai ɗaki shida ko takwas, mata uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi babba ɗaya, su raba a ranar, kowacce ta juye nata a kwalba mai tsabta. Matan da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba za su gaza wannan ba.

Kuma tun kafin gwangwani ya zo iyayenmu suna da nasu tanadin. Kauɗar tumatir, busasshen tattasai, busasshiyar kuɓewa, kuka, kalkashi, daddawa, duk ajiyar lokacin yalwa ce don lokacin babu. Kwando ɗaya da aka saya a watan araha, aka yayyanka, aka shanya a kan tabarma mai tsabta a saman rufi ko kan wani abu mai tudu, nesa da ƙura da awaki, zai raka gida har cikin damina. Na ce mai tsabta ne da gangan, domin kauɗar da ake shanyawa a gefen kwalta tana kwasar yashi da hayaƙin mota, shi ya sa mata da yawa suka guje ta. Wadda ki ka shanya da hannunki ba ta da wannan aibi. Ki jiƙa ta, ki markaɗa da ɗanyen tattasai, ki ɗiga cokali guda na tumatirin gwangwani don launi. Da haka ledar da ke ƙarewa a girki ɗaya za ta yi biyu.

Sai kifi. A nan ne nake ganin ana yi wa gwangwani rashin adalci ta fuska biyu: wasu sun raina shi, wasu kuma suna cinsa ta hanyar da ba ta da riba. Sadin abinci ne na ƙwarai. Ƙayarsa ta dahu har ta yi laushi, ana taune ta, kuma a cikinta akwai sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Mansa yana da amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwar yaro. Ba ya buƙatar firji, ba ya cin gawayi. Amma ki duba jikinsa: an rubuta giram 125, idan aka tsiyaye man abin da ya rage na kifi bai wuce wajen giram 90 ba. Sinadarin gina jiki da ke ciki ya yi daidai da na ƙwai uku ko ɗan fiye. To kafin ki miƙa kuɗi, ki tambayi nawa ne ƙwai uku yau, nawa ne kashi ɗaya na kifin banda, nawa ne awara a bakin layi. Wata rana gwangwanin ne zai fi, sau da yawa kuma ba shi ba ne. Lissafin minti ɗaya ne.

Idan kuwa an saya, kada mutum ɗaya ya tura shi cikin burodi ya cinye a teburin mai shayi, yara suna gida da gaya. A farfasa shi cikin faten tsaki da yakuwa da rama, ko cikin dambu da zogale, ko a zuba a ƙullin alala, ko a miyar alayyafo. Man da ke ciki kada a zubar, a soya albasa da shi, an rage na kwalba ke nan. Kifin gwangwani na Geisha kuma da romon tumatirinsa yake zuwa, rabin miya ce tun daga kanti. Gwangwani ɗaya a tukunyar mutum shida ba zai ƙosar da kowa da kifi ba, amma kowa zai samu rabonsa, musamman ƙananan yara da mai ciki da mai shayarwa, waɗanda su ne ya kamata a fara zuba wa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Fiye da rabin yaranmu ke nan. Ba rashin tuwo ne kaɗai ya jawo haka ba, rashin abin da ke cikin miya ne.

Waken gwangwani da masarar gwangwani da koren wake ba sai mun daɗe a kansu ba. Kayan haɗin salak ne na biki da buɗa-baki, mai hali ya yi. Amma jihar da ke sahun gaba a noman masara da waken suya a ƙasar nan, jihar Saminaka da Giwa, ba ta da dalilin da talakanta zai sayi wake cikin ruwan sukari daga ƙetare. Kuɗin gwangwani ɗaya zai auno miki ɗanyen wake da ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Idan gawayi ko gas ake ji, a jiƙa waken tun dare, dahuwarsa za ta ragu sosai. Waken suya kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, babu wani gwangwani a kanti da ya kai shi araha.

Madara ita ce ta fi daɗewa a gidajenmu. Peak ta shigo Najeriya tun 1954, har gwangwaninta ya zama ma'auni a hannun masu awon shinkafa da gero. Madarar ruwa ta gwangwani nono ne da aka ƙone fiye da rabin ruwansa, tana da amfani. Amma akwai masu kama da ita da ya kamata a bambance. Mai kaurin nan mai zaƙi, wadda ake laƙaba wa burodi, fiye da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne. Akwai kuma wadda aka cire man nono aka sa man itatuwa a madadinsa, akwai wadda ma ba madara ba ce, abin faranta shayi ne kawai. Duk an rubuta a jiki. Ga wanda Bafulatana ke biyowa ta layinsu, kindirmo mai tsabta ya fi sauƙin kuɗi. Magana ɗaya kuma da ba ta da sassauci: babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ba jariri a madadin nonon uwa. Wata shida na farko nono zalla, haka likitoci suka tsaya a kai, kuma tsada ba ta canza wannan ba.

Gishiri ma abin lura ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kusan duk abin da ke cikin gwangwani da gishirinsa ya zo. Idan aka juye shi a tukunya, aka jefa dunƙule uku ko huɗu, aka sake barbaɗa gishiri, an tara wa mai hawan jini abin da zai kwantar da shi, kuma kuɗin asibiti ya fi na cefane ciwo. Ranar da gwangwani ya shiga miya, a rage dunƙule, a ƙara daddawa, a ɗanɗana kafin a sa gishiri.

Yanzu ga inda nake roƙon a buɗe kunne da kyau. Tsada ta sa kayan da ake karyar da farashinsu sun yi yawa a kan baro da bakin titi. Wani halal ne, mai kaya ne ke son kuɗinsa. Wani kuwa kwanakinsa ne suka ƙare, har akan samu marasa tsoron Allah da ke goge kwanan wata su buga sabo. Araha ba ta ado, balle a kan abin da za a zuba wa yara. Ki duba lambar NAFDAC. Ki duba ranar da zai daina amfani, idan wurin ya nuna alamar kankara ko gogewa, ki ajiye. Gwangwanin da ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi ko kan ɗinkinsa, ko yake yoyo, ki bar shi ko kyauta ne. Wanda ya kumbura kuwa, ko ya feso da ƙarfi da aka huda shi, kada ma a ɗanɗana, kada a ba kaji, a binne shi. Akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska, gubarta tana cikin mafi ƙarfi da aka sani, kuma ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba. Alamarta gani biyu-biyu, fatar ido ta saki, haɗiya ta gagara, jiki ya mutu, daga nan numfashi. Wanda ya ga haka bayan cin irin wannan abinci kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi Asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho ko na Kawo, duk wanda ya fi kusa, a kuma faɗa wa likita abin da ya ci. Wannan ne ma ya sa masu dafa tumatir su ɗura a kwalba a gida, wanda dabara ce mai kyau saboda tsamin tumatir yana taimakawa wajen kare shi, kada su gwada haka da nama ko kifi ko wake. Masu kanti kuma, ku daina jera gwangwani a rana. Zafin Maris da Afrilu yana rage masa kwana.

Abin da ke ci mini rai a duk wannan magana shi ne, tumatirin da muke saye da tsada a gwangwani a watan Yuli, irinsa ne ya ruɓe a gonakinmu da tashoshinmu a watan Fabrairu. An daɗe ana ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin da Najeriya ke nomawa yana lalacewa kafin ya kai tukunya, alhali ana shigo da markaɗaɗɗe cikin manyan ganguna daga ƙasashe irin su Sin, a zuba a leda a nan. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin shigo da shi daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin 100, ta ƙara dala 1,500 a kan kowane tan, don masana'antun gida su tashi. Masana'antar Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a yini, ta sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen tumatir. A jiharmu akwai tsohuwar masana'antar Ikara, akwai kuma Tomato Jos a Kangimi cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda ke aiki da ƙananan manoma. Ana motsi, amma har yanzu manomi na kukan araha wata uku, uwargida na kukan tsada wata biyar, kuma inji ne kawai da hanya mai kyau da wurin ajiya za su haɗa su.

Don haka kirana ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ma'aikatar gona shi ne a taimaka wa ƙungiyoyin mata da manoman rani da na'urorin busar da tumatir masu aiki da hasken rana, a kuma tsaya wa manoma da maganin sharon tun kafin ta ɓulla. Jami'an NAFDAC su riƙa shiga kasuwanni da kantunan unguwa a kai a kai, ba sai an ji labarin wani gida ya kwanta ba. Ku kuma iyayenmu mata, tanadin damina tun hunturu ake yinsa: idan tumatir ya faɗi, a haɗa kuɗi a sayi kwando a shanya. Magidanta, ranar da albashi ko cinikin mako ya shigo, a fara auno wake da waken suya da gyaɗa, abin da ya rage sannan a waiwayi kanti.

Allah Ya yalwata mana, Ya sa albarka a cikin abin da muke ci.